Awa 48 a Hannun Jandarma

Duk wanda ya saba zama a majalisun bakin babbar hanyar da ta taso daga Gidan Runji, ta ratsa Tsibiri da Maradi, ta bi ta Cadawa da Agye har Gazawa, ya san ƙorafi biyu da ba sa ƙarewa idan aka taɓo maganar hukuma. Na farko daga bakin wanda aka yi wa ɓarna yake fitowa: mun kama ɓarawo da hannunmu, mun miƙa shi ga jandarma, ba a yi kasuwa biyu ba sai ga shi yana yawo a gari yana hararar waɗanda suka kai shi. Na biyu daga bakin uwa ko mata yake fitowa: an tafi da shi tun kafin shuka, ga shi an yi girbi, an sake wata shukar, har yau ba a ce ga laifinsa ba, ba a kuma ce ga ranar shari'arsa ba.

Mutane na ɗaukar waɗannan koke-koke kamar suna karo da juna, wai ɗaya na neman a tsaurara, ɗaya na neman a sassauta. Ni a ganina ciwo ɗaya ne. Dukkansu suna tasowa ne daga abin da ke faruwa a kwana biyun farko bayan an kama mutum, a cikin ɗaki wanda ba alƙali, ba lauya, ba ɗan uwa, kuma abin da aka rubuta a ɗakin shi ke bin mutum har ƙarshen shari'arsa. Wanda aka saka ba bayani da wanda aka manta a kaso, duk a wannan ɗakin aka yanke makomarsu.

Dokar Nijar ba ta yi shiru a kan waɗannan awoyi ba. Kundin tsarin shari'ar laifuka, wanda aka kafa tun watan Agusta na 1961 aka kuma yi ta yi masa gyara, ya ba jami'in bincike, ɗan sanda ne a birni ko jandarma a karkara, awa 48 ya riƙe wanda ake zargi. Idan bincike bai kammala ba, sai da izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati za a ƙara wasu 48. Kundin ya ce a sanar da wanda aka tsare cewa yana da 'yancin ɗaukar lauya daga awa ta 24, idan ba a yi ba binciken ya ɓaci. Ya ce kuma ranar da za a miƙa shi kotu a haɗa da takardar likita mai shaida cewa ba a taɓa lafiyarsa ba. A watan Satumba na 2014 ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma da ke amfani da kuɗin sefa, UEMOA, ta fitar da ƙa'idar da ta ba lauya damar tsayawa tare da mutum tun daga lokacin da aka kama shi. Tun 2011 akwai hukumar ANAJJ da aka kafa don taimaka wa marasa hali a gaban shari'a. A 2020 kuma aka shigar da azabtarwa cikin kundin laifuka a matsayin laifi mai zaman kansa. Wanda ya karanta waɗannan takardu zai ce talakan Nijar ya sami gata.

To amma a ɗauki wani manomi daga ƙauyen da ke bayan Cadawa, wanda aka ce an ga ragon sata a garkensa. An kawo shi birgad, wato ofishin jandarma, a bayan babur. An karɓe wayarsa da hularsa da takalmansa, an tura shi ɗaki. Washegari aka fito da shi, aka zaunar da shi a benci gaban tebur. Jandarman da ke tambayarsa da Hausa yake yi, shi ma da Hausa yake amsawa, amma abin da ke sauka a takarda Faransanci ne. Ya ce, “Ranka ya daɗe, a kasuwa na saye shi, dillali na nan da ransa.” Ba ya da yadda zai san ko an rubuta sunan dillalin, ko kuwa an rubuta kawai cewa ya amsa ragon yana hannunsa. Da aka gama, aka juyo masa takardar, aka kama babban yatsansa aka dangwala a tawada, aka danna a ƙasan kowane shafi. A waje kuwa ƙanensa na tsaye ƙarƙashin bedi da kwanon tuwo a ƙulle cikin ɗankwali, yana jiran a ce ya miƙo, yana lissafin wane babban mutum ya sani da zai iya sa baki. Maganar lauya ko a mafarki ba ta zo masa ba, domin kusan dukkan lauyoyin ƙasar nan a Yamai ofisoshinsu suke, fiye da kilomita 600 daga Maradi, kuma kuɗin motar lauya kaɗai ya fi kuɗin ragon.

Wannan takarda mai tawadar yatsa ita ce ke isa gaban alƙali kafin mutumin ya buɗe baki. Alƙalin ƙaramar kotu a gunduma yana da tulin fayil a gabansa, ba shi da motar zuwa ƙauye ya ga garke, ba shi da lokacin neman dillali. Abin da jandarma ya rubuta shi ne kusan dukkan abin da ya sani. Idan ya ga alamar laifi, hanya mafi sauƙi ita ce ya sa hannu a kai mutum gidan kaso kafin a ga abin da hali zai yi. Doka ta sa iyaka a nan ma: a ƙananan laifuka wata 6 da za a iya sabuntawa sau ɗaya, a manyan laifuka wata 18 da ƙarin 12. Sai dai wa ke ƙirga wa ɗan ƙauye watanninsa? Gardin da ke tsaron kason ba aikinsa ba ne. Iyalinsa ba su san akwai iyakar ba. Shi ya sa a gidajen kason ƙasar nan masu jiran shari'a suke da yawa haka, wasunsu har sun wuce adadin da za a ɗaure su da an same su da laifin.

Haka nan idan takardar ta zo a raunane, ba shaida, ba bayanin inda aka sami kaya, ba sunan wanda ya gani, alƙalin kirki ba shi da abin yi face ya saki mutum, ko da kuwa duk gari ya san ɓarawo ne. Ba wanda zai koma ƙauye ya gaya wa mai rago dalili. Shi abin da ya gani kawai shi ne ɓarawonsa ya dawo, sai ya yanke cewa kuɗi ne suka yi aiki. Wani lokacin gaskiyarsa ce. Wani lokacin kuwa binciken ne aka yi shi a gurguje.

Akwai wata ɗabi'a da ta zama jiki wadda nake ganin ta fi kowace cin mutuncin aikin jandarma, ita ce mayar da birgad wurin karɓar bashi. Ɗan kasuwa ya ba wani buhunan wake ko gyaɗa bashi, lokaci ya yi ba a biya ba, sai ya nufi birgad maimakon kotu, a aika wa wanda ake bi takardar kira, ya zo a ce ya zauna sai danginsa sun kawo kuɗi. Bashi ba laifi ba ne a dokar Nijar sai in an haɗa da zamba ko cin amana. Maganar ta sarki ce ko ta alƙalin da ke duba ƙararrakin dukiya. Amma da yake kowa ya san kwana ɗaya a ɗakin tsaro ya fi wata shida na zirga-zirgar kotu saurin fito da kuɗi, mai hali ya fi son can. Ranar da talaka ya fahimci cewa ana iya kulle shi don wani ya fi shi sanin kwamandan birgad, daga ranar ya daina kallon birgad a matsayin wurin kai kuka.

Ba zan yi wa jandarmomi da sojojin wannan yanki rashin adalci ba. Tun 2019, lokacin da dubun-dubatar mutane suka tsallako daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suna gudun 'yan bindiga, gundumar Gidan Runji ta ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinta. An zaunar da 'yan gudun hijira a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, kuma ɓarayin da suka koro su ba su tsaya a iyaka ba. Suna shigowa da dare a kan babura, su kore shanu, su ɗauki mutum sai an biya fansa, su koma daji kafin gari ya waye. Rundunar Farautar Bushiya da aka kafa don wannan yanki ta yi aiki, an ƙwato dabbobi, an kuɓutar da mutane, kuma akwai 'ya'yan talakawa masu kaki da suka bar rayukansu a wannan fagen. Birgad guda kan riƙe ƙauyuka masu yawa da mota ɗaya, wani lokacin sai mai ƙara ya zuba mai kafin a tashi. Wanda bai kwana a bakin iyaka yana sauraron ƙarar babur ba bai kamata ya raina wannan wahala ba.

Amma daidai wannan yanayi ne ya sa awoyin farko suka ƙara zama abin tsoro. Ɓarayin daji ba sa shiga gari sai da ɗan gari, kowa ya san haka, don haka farautar masu ba su labari ta zama babban aiki. Kuma zargin cewa wane infoma ne ba ya bukatar komai sai baki. Wanda kuka yi rikicin iyakar gona, wanda kuka nemi mace ɗaya, wanda yake ganin shanunka sun yi yawa, kowannensu na iya raɗa sunanka. Bafulatanin da ke kiwo kusa da daji, mai sayar da mai a kwalba, ɗan kabu-kabun da ya ɗauki fasinjan da bai sani ba, mai shagon da ya sayar da burodi da yawa a rana ɗaya, duk suna cikin haɗarin a ce da su ake yi. A cikinsu akwai masu hannu da gaske. Aikin bincike shi ne ya rarrabe, kuma duka ba ta rarrabewa: wanda ya sha wuya zai faɗi sunan duk wanda ya zo masa a baki don a ƙyale shi.

Idan kuma aka liƙa wa fayil sunan ta'addanci, lissafin gaba ɗaya ya canza. A nan doka ta ba da kwana 15 na tsarewa, da damar ƙara wasu 15, kuma shari'ar tana komawa hannun sashen musamman da ke Yamai, tare da hukumar binciken ta'addanci ta SCLCT. Ga ɗan Gidan Sori ko Gangara, wannan na nufin an ɗauke shi daga inda shaidunsa suke, inda mai garinsa zai iya cewa na san shi na san ubansa, an kai shi inda matarsa ba za ta iya kai masa ko fura ba. Mun ga yadda wannan tanadi ke aiki a kan mutumin da duniya ta sani. An kama Moussa Tchangari, sakatare janar na ƙungiyar Alternative Espaces Citoyens, a gidansa da ke Yamai ranar 3 ga Disamba 2024, aka riƙe shi wata guda a hannun masu bincike kafin a gurfanar da shi a farkon Janairu 2025, aka wuce da shi kason Filinge. Wannan mutum ne mai lauyoyi, wanda gidajen rediyon duniya suka yi ta ambaton sunansa. Makiyayin da ba wanda ya san sunansa sai 'yan rugarsu fa?

A ranar 27 ga Agusta 2024 gwamnatin Janar Abdurahamane Tiani ta kafa wani kundin sunaye na mutane da ƙungiyoyin da ake dangantawa da ta'addanci ko cin amanar ƙasa. Ana iya shigar da sunan mutum tun yana matakin zargi, a rufe dukiyarsa, a hana shi tafiya, har a dakatar da zamansa ɗan ƙasa, kamar yadda aka yi wa wasu mutum 9 na kusa da tsohuwar gwamnati a watan Oktoba na shekarar. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun soki dokar saboda faɗin ma'anarta. Abin da ya dame ni da ita shi ne darasin da take koya wa ƙaramin jami'i a ƙauye: cewa zargi ya isa a hukunta mutum, alƙali ya biyo baya idan ya samu lokaci.

Na san amsar da za a ba ni, kuma masu ba da ita ba mugaye ba ne. Za su ce ƙasa na cikin yaƙi, ɗan bindiga bai san awa 48 ba, wanda aka sace wa 'ya ba ya son jin zancen takardar likita. Ina jin zafin wannan magana. Amma 'yan uwanmu na ƙetaren iyaka sun riga mu gwada wannan hanya. A Zamfara, da satar shanu ta yi yawa, mutane suka fid da rai daga 'yan sanda da kotu, 'yan sa-kai suka shiga kama mutane a kasuwanni suna kashewa a bainar jama'a, yawanci Fulani, mai laifi da marar laifi. Waɗanda aka kashe wa iyaye suka shige daji suka nemi bindiga. A watan Afrilu na 2014 'yan bindiga suka auka wa taron 'yan sa-kai da shugabannin al'umma a 'Yar Galadima suka kashe mutane masu ɗimbin yawa, kuma daga nan wutar ba ta mutu ba har ta ƙone Sabon Birni da Isa ta leƙo Gobir ta wannan ɓangaren. Mutanen da muka saukar a Cadakori, gudun ƙarshen wannan hanyar suka yi.

Mu ma muna da namu tabon. A ƙarshen Oktoba 1991, ana tsaka da Babban Taron Ƙasa a Yamai, aka yi kisan Toda a ƙasar Gidan Runji, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan fiye da mutum 100, akasarinsu mata da yaran Fulani. Bayan wannan ne aka fito da dokar karkara ta 1993, aka kafa kwamitocin filaye, aka ƙarfafa wa sarakuna aikin sulhu, daga baya a 2010 aka ƙara dokar kiwo. Waɗanda suka rubuta waɗannan dokoki sun gane cewa jama'ar da ba ta da inda za ta kai ƙara ta gamsu, da hannunta za ta yi hukunci. Yau ga bindigogi sun yi yawa fiye da na 1991, ga matasa ba aikin yi, ga zargi na yawo tsakanin maƙwabta. Ban ga lokacin da muka fi bukatar alƙali mai ƙarfi a kan mai bindiga kamar yanzu ba.

Abin takaicin shi ne a daidai wannan lokacin idanun da ke sa ido suke raguwa. Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya tafi da tsarin mulkin 2010 da hukumomin da ya kafa, ciki har da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, CNDH, wadda take da ikon shiga wuraren tsare mutane, wadda kuma a 2020 ta yi ƙarfin halin fitar da rahoto kan gawarwaki 71 da aka tono a yankin Inates ta ɗora alhakin a kan wasu masu kaki. Ficewar Nijar daga CEDEAO a Janairu 2025 ta rufe ƙofar kotun ƙungiyar da ke Abuja. Ko me mutum yake ji game da CEDEAO da takunkumin da ta ƙaƙaba mana, wanda ya gasa talakan Maradi ƙwarai, ya kamata ya tuna cewa a wannan kotun ce Hadijatou Mani, baiwar Allah daga ƙasar Ƙonni da aka sayar tana yarinya, ta kayar da gwamnatin ƙasarta a watan Oktoba 2008, aka ce a biya ta sefa miliyan 10 don hukuma ta kasa kare ta daga bauta. Sannan a watan Agusta 2025 aka rusa ƙungiyoyin ma'aikatan shari'a, har da SAMAN ta alƙalai. Alƙalin da ya san ana iya raba shi da aikinsa gobe, da wuya ya kalli kwamandan birgad ya ce wannan binciken bai yi ba, a saki mutumin.

Amma hukunta mai kaki abu ne mai yiwuwa, mun gani da idonmu. Bayan zanga-zangar ɗalibai ta 10 ga Afrilu 2017 a jami'ar Yamai, wadda ɗalibi Mallah Bagale ya rasa ransa a cikinta, wani bidiyo ya bazu na 'yan sanda suna jibgar wani ɗalibi a bayan mota. An gurfanar da uku daga cikinsu, kuma a watan Agusta na shekarar kotu ta ɗaure su shekara guda. Aikin ɗan sanda bai rushe ba saboda wannan hukunci. Abin da ya sa aka kai ga haka shi ne akwai waya mai ɗaukar hoto, akwai ƙungiyar ɗalibai mai murya. A ɗakin tsaro na ƙauye ba ko ɗaya, sai dai doka ta kawo nata idon.

Abubuwan da nake nema ba sa bukatar tallafin waje. Mai gabatar da ƙara na Maradi da wakilansa a gundumomi suna da ikon shiga kowace birgad da komisariya, su buɗe rajistar tsarewa, su ga ranar da aka shigo da kowa da awar da aka shigo da shi. Su riƙa yi ba tare da sanarwa ba, har da ranakun kasuwa, lokacin da ɗakunan suka fi cika. Najeriya, duk da tarin matsalolin 'yan sandanta da suka kai ga boren EndSARS a 2020, ta sa a dokarta ta 2015 cewa majistare ya ziyarci ofisoshin 'yan sandan yankinsa kowane wata. Ba ko'ina ake bi ba, amma inda aka bi an fito da mutanen da aka manta. Takardar likita kuma ta zama likita ya ga mutum ya duba bayansa da tafin ƙafarsa, ba a kai masa takarda ofis ya buga hatimi ba.

Na biyu, tunda kundin mulkin da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa ya mai da ita harshen ƙasa, wuri na farko da ya kamata a ga amfanin haka shi ne teburin bincike. Kada a dangwala yatsan kowa sai an karanta masa abin da aka rubuta da harshen da ya yi magana, Hausa ne ko Fulatanci ko Tamashek, a gaban wani wanda ba mai kaki ba, a kuma rubuta sunan wannan shaidar. Yawancin wayoyin da ke aljihun jandarmomi suna ɗaukar murya. A ɗauki bayanin a haɗa da fayil, alƙali ya saurara da kunnensa idan gardama ta taso. Wannan kariya ce ga jandarma mai gaskiya ma, domin ba wanda zai zo kotu ya ce ƙarya aka yi masa.

Sai kuma mai ƙara, wanda aka fi mantawa da shi. Mutumin da ya sadaukar da ransa ya nuna ɓarawo yana da haƙƙin a kira shi a gaya masa inda maganar ta kwana, ko an tura kaso, ko an saki, da dalilin sakin. Yana da haƙƙin kada sunansa ya riga shi isa daji. Satar dabbobi da garkuwa da mutanen da aka yi a ƙasar Agye ko Gazawa ko Gidan Runji, in dai ba a tabbatar da alaƙarsu da ƙungiyoyin ta'addanci ba, a yi shari'arsu a jihar Maradi, kuma alƙalai su riƙa fita zaman kotu a manyan garuruwa irin su Cadawa da Tsibiri, inda mai shanu da mai gari da dillali da dangin wanda ake zargi za su iya zuwa a kan babur su koma gida kafin magariba.